Ƙararrawar da za ta tashe ka kafin kifi ya narke

Ranar wata Alhamis cikin zafin watan Afrilu, wani maƙwabcina mai sayar da daskararren kifi da kaji a sari ya rufe ɗakin sanyinsa bayan sallar Isha'i. Ya duba allon da ke jikin ƙofa, ya ga yana nuna digiri 18 ƙasa da sifili kamar kullum, ya yi wa mai gadi sai da safe, washegari kuma ya wuce ƙauyensu gaisuwar rasuwa. Shagon bai buɗe ranar Juma'a ba. Da yaransa suka zo da safiyar Asabar, tun daga bakin ƙofa suka ga ruwa na bin ƙasa, katan-katan ɗin sama sun yi laushi, ƙarni ya fara tashi.

Abin mamakin shi ne ba a ɗauke wuta ba a tsawon wannan lokaci. Layi ɗaya ne cikin ukun da ke shiga shagon ya faɗi, kwamfireso ya tsaya, amma ƙwan fitila na ci, fankokin ciki kuma suna ta juyawa. Mai gadi yana jin ƙugin inji, don haka hankalinsa kwance. Mai gyara da ya zo bai cika awa guda ba ya mayar da komai daidai. Maƙwabcin nawa ya ce da ni ba asarar ce kaɗai ke cin ransa ba; abin da ya fi ƙona shi shi ne a ce kiran waya ɗaya tak da tsakar daren Alhamis ya isa ya tsare masa jarin da ya shekara yana tarawa.

Tun daga nan na fara bin diddigin na'urorin da ke gargaɗi idan sanyin firiza ya ragu, waɗanda zan riƙa kira ƙararrawar sanyi a wannan rubutu. Abu na farko da na fahimta shi ne mu nan Arewa mun ɗora laifin kowace asara a kan ɗaukewar wuta, kuma muna da hujja. Ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da matsalar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta jefa yawancin jihohinmu cikin duhu fiye da mako guda. Amma irin wannan duhu kowa ya san da shi. Mai kaya ya tashi janareta, ko ya karya farashi ya sayar, ko ya kwashe zuwa ɗakin wani. Ɓarnar da ke karya ɗan kasuwa ita ce wadda ke shigowa a ɓoye: gas ya zurare a hankali, robar ƙofa ta saki, yaro ya fita bai ja ƙofa ta kama ba, ƙanƙara ta toshe bututun da ke hura sanyi, wuta ta zo ba ƙarfi ta kasa ɗaga kwamfireso, ko man janareta ya ƙare da ƙarfe ukun dare mai gadi na barci. Duk waɗannan ba su da sanarwa.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa ake nacewa a kan lambar nan ta 18. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suke kula da ita tare, ta tsayar da cewa a ajiye daskararren abinci a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, wato -18, ko abin da ya fi haka sanyi. A wannan mataki ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa. Sai dai ba mutuwa suke yi ba, kwanciya kawai suke yi suna jira. Da zarar nama ya narke ya haura digiri 5 sama da sifili, sai su ci gaba daga inda suka tsaya, kuma a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, kamar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ba su da nisan tafiya.

Kifi yana da tasa matsalar ta daban. Nau'in titus da sadin da tuna, idan suka ɗumama, ƙwayoyin da ke jikinsu kan samar da wani sinadari mai suna histamin. Wannan sinadari dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, sake daskarewa ma ba ta kawar da shi. Wanda ya ci kifin da ya tara shi zai iya jin fuskarsa ta yi zafi ta yi ja, da ƙaiƙayi da ciwon kai da amai ko gudawa, wani lokaci tun bai tashi daga wurin cin abincin ba. To a nan ne batun ya wuce aljihun ɗan kasuwa ya shafi tukunyar kowa. Mutumin da ya buɗe ɗaki ya tarar da jarinsa na narkewa yana cikin jarrabawa mai nauyi: ya zubar, ko ya sake kunna inji ya daskarar ya sayar wa mai tuya a bakin titi da matar gida da ba su san komai ba. Ba kowa ke cin wannan jarrabawa ba, kuma duk wanda ya taɓa sayen katan ya tarar da dunƙulen ƙanƙara mai jini-jini a gindinsa ya san abin da nake faɗa. Ƙararrawa mai aiki tana hana mutum kaiwa ga wannan mararraba tun farko.

Akwai kuma lokaci, idan an sani da wuri. Hukumomin kula da abinci a Amurka suna cewa firizar gida da ke cike, idan ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyinta kimanin awa 48 bayan wuta ta ɗauke, wadda ke da rabin kaya kuma kimanin awa 24. Zafinmu da tsufan robobin ƙofofinmu za su rage wannan lissafi, amma ma'anar ba ta canza ba: tsakanin tsayawar inji da lalacewar kaya akwai sa'o'i masu yawa da za a iya nemo mai gyara ko motar kwashe kaya. Waɗannan sa'o'in ne mutum yake saye idan ya sayi ƙararrawa.

To wace iri za a saya? Sharaɗin da na sa a gaba da kome shi ne kada ƙararrawar ta dogara da firizar da take gadi. Yawancin manyan firizoji suna zuwa da allonsu da ƙaramar ƙararrawarsu, mai kaya kuma sai ya ga kamar ya gama. Amma allon da ƙararrawar da kwamfireso sau da yawa ma'auni ɗaya suke saurare, idan ya yi ƙarya duka sun ɓata tare. A shekarar 2012 an ga haka a asibitin McLean da ke jihar Masacusets a Amurka, inda ake ajiye ƙwaƙwalen mutanen da suka rasu domin bincike ƙarƙashin Jami'ar Harvard. Wata firiza ta lalace, ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, allon waje yana ta nuna -79 alhali cikinta ya kai kimanin digiri 7 sama da sifili. Sai da wani ya buɗe ya ji babu hucin sanyi aka gane, bayan ƙwaƙwale kusan 150 sun lalace. Idan allo zai yaudari irin wannan wuri, ba na jin na kasuwar Sabon Gari ya fi ƙarfin haka. Saboda haka ƙararrawar da za a saya ta zo da nata tsinken awon, wanda ba ruwansa da na firiza.

Haka nan ta kasance da nata batirin. Wannan magana kamar ba ta buƙatar faɗa, amma kasuwa cike take da na'urorin da ake sokawa a soket, waɗanda ke mutuwa a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. A tambayi mai sayarwa awa nawa batirin ke ɗauka ba tare da caji ba. A wurinmu duk wanda bai kai kwana biyu ba bai isa ba. A tambaya ko na'urar tana sanarwa idan batirinta ya yi ƙasa, da kuma idan wuta ta ɗauke ko ta dawo. Mai ɗakin da ke aiki da layi uku ya nemi wadda ke lura da kowane layi, don kada abin da ya sami maƙwabcina ya same shi. Akwatin na'urar kuma a kafa shi a waje, tsinken awo kaɗai zai shiga ciki ta siririyar waya. Dalili biyu ne: tsananin sanyi yana kashe ƙarfin batir, musamman irin wanda muke sa wa tocila (na litiyam ya fi jurewa), sannan bangon ƙarfe na ɗakin sanyi yana tare saƙon rediyo kamar yadda sabis ke ɗaukewa idan mutum ya shiga kwantena. A kula dai kada wayar ta ɗage robar ƙofa, a je neman tsaro a buɗe wa zafi hanya.

Sai kuma inda na fi so mu daɗe, domin a nan ne mafi yawan ƙararrawa ke mutuwa a hannun masu su. Ƙararrawar da ke ihu ba dalili, ba a kwana uku za a zare mata waya. Iskar cikin ɗakin sanyi ba ta tsayawa wuri ɗaya. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa ana lodi, sai ta ɗumama. Kowace 'yan sa'o'i kuma injin da kansa yakan dakata ya narkar da ƙanƙarar da ta taru a bututunsa na wasu mintoci, iska ta hau sama da digiri da yawa alhali kifin da ke cikin katan bai ko motsa ba. Idan aka rataye tsinken awo tsirara a iska, kusa da ƙofa ko a bakin fanka, aka kuma saita shi ya yi ƙara da zarar an haura -18, to zai yi ta kuka dare da rana. Mai gadi zai gaji, yara za su gaji, kai ma da wayarka ke ƙara sau goma kafin Asuba za ka kashe sautinta. Ranar da abin ya zama gaskiya babu mai saurare.

A watan Satumban 2020, a cibiyar koyar da fasaha ta Rensselaer da ke jihar New York, wata firizar bincike da ake riƙewa a -80 ta fara ƙara saboda ɗan canjin sanyi. Masu ɗakin binciken suka duba suka ga kayan ba su cikin haɗari, suka kira kamfanin gyara, annobar korona ta jinkirta zuwansa, sai suka manna takarda cewa a bar firizar kada a taɓa. Wani mai shara da ƙarar ta dama ya je ya kashe makunnin wutar. Kafin a ankara sanyin ya koma -32, aikin bincike na fiye da shekara 20 ya lalace, har cibiyar ta kai kamfanin sharar kotu a 2023 tana neman diyyar sama da dala miliyan 1. Ni ban ga laifin mai sharar shi kaɗai ba. Ƙararrawar da aka bari tana kuka kwana da kwanaki ta daina zama gargaɗi, ta zama hayaniya.

Maganin wannan abu biyu ne. Na ɗaya, a lulluɓe tsinken awon yadda zai ji abin da kaya ke ji, ba abin da iska ke ji ba. Masu ajiyar allurar rigakafi sukan tsoma shi cikin 'yar kwalba mai ɗauke da ruwan gilaikol, wanda ba ya saurin daskarewa, ko ƙananan duwatsun gilashi, ko yashi; hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma haka take ba da shawara. Mai kifi zai iya sayen tsinken da ya zo da kwalbarsa, ko ya cusa shi tsakanin katan biyu. A ajiye shi a sashen da ya fi saurin ɗumama, wanda galibi sama ne ta wajen ƙofa, amma ba a kan hanyar iskar da ke shigowa kai tsaye ba. Na biyu, a zaɓi na'urar da ke barin mai ita ya saita iyaka da jinkiri da kansa. Shawarata ga mai daskararren abinci ita ce mataki biyu: gargaɗin farko idan sanyi ya koma -15 ya kuma zauna haka rabin awa ko fiye, sai na biyu mai tayar da kowa idan ya kai -12, ba tare da jira ba. Kowane ɗaki da halinsa, don haka a bar na'urar ta yi mako guda tana rubuta awo kafin a tsayar da lambobin. Na'urar da kamfani ya kulle iyakarta ba a iya canzawa, a bar wa mai shago kayarsa.

Tambaya ta gaba ita ce wa zai ji. A watan Maris na 2018, a wata cibiyar taimaka wa masu neman haihuwa ta asibitin University Hospitals da ke Cleveland a Amurka, tankin da ake adana ƙwayayen haihuwa ya ɗumama a ƙarshen mako. Akwai tsarin da ya kamata ya sanar da ma'aikaci a gida, amma an kashe shi. Ƙwayaye fiye da 4,000 na iyalai kusan 950 suka lalace. Jiniya a ginin da ba kowa ba ta da bambanci da rashin ta.

Ƙararrawar da ke kasuwa kusan iri uku ce. Akwai mai jiniya da fitila kawai, mafi araha, wadda ta isa ga mai shagon da ke kwana kusa da kayansa ko mai gadin da aka amince da shi. Akwai mai ɗaukar sim, da ke aika tes ko ta kira waya. Akwai kuma mai bi ta intanet, da ke nuna awo a manhajar waya, wani lokaci da kuɗin wata-wata. A ganina, a yanayinmu mai sim ta fi mai intanet, domin na'urar rarraba intanet ta shago takan mutu tare da wutar da ta ɗauke, sai in an haɗa ta da inbata ko sola. Kuma a cikin masu sim a fifita mai kira a kan mai tes. Da ƙarfe biyun dare tes ba ya tada mai barci, kira ne ke tadawa. Mafi kyau ita ce wadda za ta kira lamba ta farko, in ba a ɗauka ba ta wuce ta biyu da ta uku, ta kuma ci gaba har sai wani ya amsa.

Amma kada saboda sim a yar da jiniya. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, abin ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Maris na 2024 ma yankewar wayoyin ƙarƙashin teku ta dagula intanet a Afirka ta Yamma. A irin waɗannan ranaku ƙarar da kunnen mai gadi zai ji ita ce ta rage. Shi kansa sim ɗin yana son kulawa: a haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi, a riƙa sa masa kuɗi, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na rufewa, ƙararrawa ta zama bebiya mai ita bai sani ba. Shi ya sa nake ganin darajar na'urar da ke aiko da ɗan saƙo kowace safiya mai nuna awon sanyi da ƙarfin batir. Ranar da saƙon bai zo ba, shirun kansa labari ne.

Wani abin da masu saye ke rainawa shi ne ajiye tarihin awo. Na'urar da ke rubuta sanyi kowane minti goma ko sha biyar za ta faɗa maka abin da ido ba zai gani ba: ƙarfe nawa inji ya tsaya, awa nawa kaya suka yi a wane mataki, ko za a iya sayar da su ko zubarwa ce ta kama. Za ta nuna maka kwamfireson da ya fara gajiya makonni kafin ya mutu, domin za ka ga kullum yana daɗa jinkiri wajen maido da sanyi. Tana kuma raba gardama. Kifin da ke zuwa mana yakan yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga tashar jiragen ruwa ta Legas, idan ya iso da matsala direba ya ce ɗakinka ne, kai ka ce motarsa ce. Takardar awo ce shaidar da ba ta da dangi. Ma'aikatan rigakafi sun riga mu a wannan. A firijinsu, da ake riƙewa tsakanin digiri 2 zuwa 8, akwai 'yar na'urar da ke ajiye awon kwana 30, tana nuna alama idan zafi ya wuce 8 na tsawon awa 10, ko sanyi ya sauka ƙasa da -0.5 na awa guda. A lura da wannan na biyun. Mai kemis da ke ajiye insulin ko allurai yana bukatar gargaɗi ta ɓangare biyu, domin daskarewa tana lalata irin waɗannan magunguna kamar yadda zafi ke yi. Ƙararrawar mai kifi ba za ta yi masa ba sai an sake saita ta.

Kafin a biya kuɗi a karanta bayan kwali. Wasu ƙananan ma'aunai na ɗaki ne, ba sa karanta abin da ya wuce -10. Na firiza ya kamata ya kai -30 ko -40. Kuskuren awo na digiri 1 ba laifi ga abinci, ga magani kuwa a nemi na rabin digiri. Wanda ya ga an rubuta EN 12830 a jiki, ƙa'idar Turai ce ta na'urorin rubuta sanyi a ajiya da sufuri, alama ce mai kyau idan ba jabu ba ce. Gwajin kuma ba ya bukatar injiniya: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a juya, a tsoma tsinken na 'yan mintoci. Ya kamata ya nuna sifili. In ya kauce da yawa, a mayar wa mai shi. A maimaita wannan kamar sau biyu a shekara. Masu babban ɗakin da mutum ke shiga ciki kuma su ƙara da maɓallin neman agaji daga ciki, da hannun buɗe ƙofa ta ciki. Yaron da ƙofa ta rufe da shi a -20 ya fi kowane katan tsada.

Maƙwabcina ya sayi mai sim da jiniya, ya sa lambobi uku: tasa, ta babban yaronsa, da ta mai gyara, wanda suka yi yarjejeniya zai zo ko da dare ne. Ya manna takarda a bango da Hausa, ya kuma karanta wa mai gadi: kada a buɗe ƙofar ɗakin, a duba layukan wuta uku, a tada janareta, a kira waɗannan lambobi. Ya ajiye jarkar dizal guda da ba a taɓawa sai irin wannan dare, ya kuma shirya da wani mai ɗakin sanyi a layinsu cewa duk wanda injinsa ya tsaya zai kai kaya wurin ɗan'uwansa.

Bayan wata guda na ba shi shawara ya gwada ba tare da ya gaya wa kowa ba. Da misalin ƙarfe ɗayan dare ya zaro kwalbar tsinken ya riƙe a tafin hannunsa har jiniya ta tashi. Mai gadi ya zo a guje. Kira ya shiga wayarsa. Wayar babban yaron a kashe take, tana caji a shagon mai caji tun Magariba. Lambar mai gyara kuwa, ashe an yi kuskuren lamba ɗaya wajen shigar da ita, sai wani bawan Allah a wani gari ya ɗauka cikin magagin barci yana tambayar ko lafiya. Washegari aka gyara lambar, aka saya wa yaron ƙaramar waya mai riƙe caji, aka kuma sa ranar gwaji na gaba a kalandar shago.